Kifi Bakwai a Kwali Ɗaya: Yadda Na Koyi Haɗa Kifayen Teku a Zariya

Shekara shida na yi ina kiwon tarwada a bayan gidana da ke Hanwa, don haka ranar da na fara ganin tankin kifin teku a zauren wani otal a Legas, inda aka tura mu kwas na mako biyu, ban ga abin tsoro a ciki ba. Na tsaya gaban gilashin nan har abokan tafiyata suka gaji suka bar ni. Duwatsu ne a jere cikin ruwa garai-garai, murjani mai rai a kansu yana kaɗawa kamar iska na busa ciyawa, ƙananan kifaye masu launi suna shiga suna fita. Na ce a raina wanda ya iya da tarwada dubu ai ba zai kasa da kifi goma ba. Wannan tunanin ya ci min kifi huɗu da jatan lande ɗaya, da kuɗin da ya kai na ragon layya mai kyau, da wata shida na zaman jira. Yanzu duk wanda ya shigo falona tambaya ɗaya yake yi: wane kifi ake haɗawa da wane? Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

A watan Oktoba na fara. Wani mai yankan gilashi a Sabon Gari ya haɗa min tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 ke nan, da gilashi mai kaurin milimita 12. Teburin katako ba zai ɗauki wannan nauyi ba, sai mai walda a Tudun Wada ya yi min ƙafa ta ƙarfe, na sa aka yi mata fenti hawa uku saboda gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Ruwan burtsatsenmu yana da daɗin sha, amma ba a zuba wa murjani shi kai tsaye, sai an bi da shi ta matacin RO irin na masu ruwan leda, ƙarami dai. Gishirin ma ba na miya ba ne, na musamman ne da aka haɗa da sinadaran ruwan teku. Daga Legas na yi odarsa a bokiti, ya zo a motar haya na je Kwangila na karɓa. Kowace lita tana cin wajen giram 35 zuwa 38 kafin ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Cikon farko kaɗai ya lashe kusan kilo 10, rabin bokitin ke nan, kuma kuɗin bokitin ya haura na buhun shinkafa.

Daga nan sai jira na farko. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin duwatsu da yashi, su ke juya amoniya ta koma naitirayit, daga nan ta koma naitiret mai ƙarancin illa, amma sai an ba su lokaci sun yaɗu. Na jefa guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, duk bayan kwana uku in ɗebi ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga maganin gwaji, in duba launi. Sai da aka yi mako shida cur kafin amoniya da naitirayit suka koma sifili. Uwargida takan tsaya ta ce, “Maigida, wai yaushe baƙin namu za su iso?” In ce mata sai gida ya gama gyaruwa. A tsakanin nan na ja wa tankin layinsa daban daga inbatar sola, domin injin da ke motsa ruwa bai kamata ya tsaya ba ko an ɗauke wuta. Da hunturu ya kama na sa hita ta riƙe ruwan a digiri 25 zuwa 26, na kuma lura busasshiyar iskar nan tana shanye min lita biyu zuwa uku kullum. Ruwa zalla ake mayarwa, ba mai gishiri ba, domin gishirin bai je ko'ina ba.

Farkon Disamba na tuntuɓi wani mai sayar da kifin ado a Legas. Ya turo min bidiyo a WhatsApp, muka zauna da yara a kan tabarma muna nunawa da yatsa. 'Yata ta ce shuɗin nan mai rawayar wutsiya take so, wanda ake kira tang, a lokacin bai fi tsawon babban yatsa ba. Na zaɓi kifin kilawun biyu, masu ruwan goro da farar ɗamara uku. Damsal shuɗaye biyu, don an ce min suna da juriya kuma su ne mafi araha. Fayafish ɗaya, siriri fari mai jar wutsiya da dogon tsinke a gadon baya. Da wani rabinsa shunayya rabinsa rawaya, da aka ce min sunansa giramma. Sai jatan lande ɗaya mai jan baya da farin layi, irin wanda ke tsince wa kifi datti a jiki. Tambaya ɗaya na yi: za su zauna tare? Ya ce ba matsala. Ban ce da gangan ya ruɗe ni ba. A shagonsa suna zaune taren, cikin tankunan da babu dutse ko ɗaya da za a yi faɗa a kansa, kuma ba sa daɗewa a wurin. Abin da ya sa na haɗa bakwai lokaci guda kuwa kuɗin jirgi ne. Kwali ɗaya, ko kifi biyu ne a ciki ko goma, kuɗin dakon kusan ɗaya ne, kuma ya kusa kamo kuɗin kifayen kansu. Wannan lissafin shi ke jefa mu da muke nesa da teku cikin kuskure.

Ranar da aka sa kayan a jirgi na bar Zariya da hantsi na nufi Kano. Abin da ake nema a sashen kaya na filin jirgi ba shi da yawa: lambar webil da mai aikowa zai turo maka, da katin shaida, sai ka sa hannu a littafi. Ka tabbata sunan da ke katinka shi aka rubuta a jikin kwalin, ba sunan da aka fi saninka da shi ba. Jirgin da aka ce zai sauka ƙarfe ɗaya bai sauka ba sai bayan Magariba, saboda hazo ya rufe sama. Na yi Azahar da La'asar a wurin, ina ta ƙirga awannin da kifayen suka yi a leda tun asuba. Wajen takwas na dare na karɓi kwalin, na naɗe shi da bargo saboda sanyi, na iso gida sha ɗaya saura. Kafin in kwance komai na ɗauki bidiyon ledojin a ɗaure, domin in wani ya mutu a hanya wannan ce kaɗai shaidar da mai sayarwa zai karɓa. Duk sun iso da rai. Na ɗora ledojin a kan ruwan tanki minti ashirin don zafinsu ya daidaita, na auna gishirinsu na ga ya yi daidai da nawa. Kifin da ya wuni a leda ba a jan lokaci bayan an buɗe shi: numfashinsa ya sa ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin yana danne dafin amoniyar da ta taru, da iska ta shiga sai tsamin ya ragu dafin ya farka. Wannan na sani, na kuma kiyaye. Abin da ban sani ba shi ne bai kamata ko ɗayansu ya shiga babban tanki a daren nan ba. Na juye su duka bakwai, na kashe fitila, na kwanta da murna.

Kwana biyun farko gidanmu kamar ana biki, maƙwabta na shigowa kallo. A rana ta uku babban damsal ya zaɓi dutsen tsakiya ya mayar da shi nasa. Duk wanda ya gifta sai ya bi shi a guje har ƙarshen gilashi, ya fi matsa wa ɗan'uwansa, ya yayyage masa wutsiya har ya koma lungun sama kusa da bututu yana numfashi sama-sama. Mai shunayya da rawayan nan ya kama ramukan ƙasa, ya hana fayafish sakat. Shi fayafish matsoraci ne, da ya firgita rami yake nema, in bai samu ba sai ya yi sama. Rana ta biyar da asuba na ƙirga na ga shida. Na duba ko'ina, sai a bayan ƙafar tanki na sami fayafish a ƙasa ya bushe, ƙura ta manne masa. Tankina ba shi da murfi a lokacin. Kwana biyu bayan haka jatan landen ya yi saɓa, jikinsa bai yi ƙwari ba, kafin azahar sai ƙafafuwansa na gani a bakin ramin mai shunayya. Ƙaramin damsal ya mutu a rana ta takwas. A ta tara 'yata ta kira ni, “Abba, zo ka gani, an barbaɗa wa nawa gishiri.” Ƙananan fararen ɗigo ne a jikin tang, yana ta goga jikinsa da dutse. Kafin mako ya zagayo ɗigon ya bayyana a jikin kilawun biyun. A daren nan na zauna gaban tankin har ƙarfe biyu, ina jin nauyin cewa ni na sa aka kawo halittun nan inda suke shan wahala, kuma duk abin da ka tsare za a tambaye ka a kansa.

Wani abokina mai sayar da abincin tarwada ne ya haɗa ni da wani dattijo a Kaduna, tsohon injiniya da ya daɗe yana riƙe da kifin teku. Ranar Asabar na je. Bayan mun gaisa na miƙa masa waya yana kallon bidiyon tankina, can sai ya tsayar da shi ya ce, “Ɗana, wa ya ce maka wannan giramma ne?” Na ce, “Baba, haka aka sayar min.” Ya girgiza kai ya ce kama da wane ba ta wane. Ya ja ni gaban tankinsa ya nuna min na gaskiyar, Gramma loreto, ɗan tekun Karebiyan. Shunayyarsa tana narkewa cikin rawayar a hankali, yana da baƙin ɗigo a fiffiken bayansa da ɗan layi da ya ratsa ido. Nawa kuwa kamar an ja layi da rula tsakanin launukan biyu. Dotibak ne, Pictichromis paccagnellae, ɗan ƙarami amma mafaɗaci, kuma ba ya barin ƙananan jatan lande.

Mun fi awa uku a falonsa. Ya ce in daina tambayar mai shago ko kifi zai zauna da kifi, in bincika da kaina ina ne iyakar girmansa, me yake ci a teku, wane ɓangare na tanki yake zama, kuma da wa ya yi kama. Na ƙarshen nan ne ban taɓa kawowa a raina ba. Kifi ya fi ƙin wanda suka yi kama a siffa ko launi ko wurin kwana, domin shi yake gani a matsayin mai cin rabonsa. Shi ya sa damsal ya kashe ɗan'uwansa, shi ya sa dotibak mai son rami ya kori fayafish mai son rami. Sai ya kawo misalin da har yau nake amfani da shi. “Tanki gidan haya ne,” in ji shi. “In ka fara sa mafaɗaci, kafin sauran su zo ya mallake tsakar gida da madafa da bakin rijiya. In masu sanyin hali suka riga shi, kowa ya san ɗakinsa, shi ne zai zo a baƙo.” Game da tang kuma ya ce ko da ɗigon bai kama shi ba, ba ni da wurin ajiye shi. Paracanthurus hepatus yana kai santimita 30, yini yake yi yana iyo, tankin da bai kai santimita 180 ba kurkuku ne a gare shi, kuma yana cikin kifayen da ciwon ɗigo ya fi saurin kamawa.

Ciwon kuwa wata ƙwayar cuta ce, Cryptocaryon irritans. Takan yi 'yan kwanaki tana ci a jikin kifi, ta faɗo ƙasa ta lulluɓe kanta a yashi ko dutse, ta hayayyafa ɗaruruwa, sannan su fito neman kifi. Shi ya sa za ka ga ɗigon ya ɓace ka yi hamdala, bayan mako ya dawo ninki. Maganin jan ƙarfe yana kashe ta, amma yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsu suna shanye shi. Mafita ɗaya ce: a kwashe kifayen duka a yi musu magani a wani wuri, a bar babban tanki babu kifi ko ɗaya har kwana 76, cutar ta mutu da yunwa. Kama damsal a cikin duwatsu ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da na kwashe kowane dutse na jera a baho, awa uku ni da ƙanena, falo duk ya jiƙe. Na sayi ƙaramin tanki na lita 60, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya, na raba shi da raga don mafaɗatan biyu su zauna gefe. Kullum sai na auna yawan maganin, domin in ya yi ƙasa ba ya aiki, in ya haura ya kashe kifin. Ƙaramin kilawun ya mutu a rana ta biyu, tang a ta shida. Tare da 'yata muka binne shi a gindin gwaiba, ta yi kuka sosai. Bayan wata ɗaya na zuba damsal da dotibak a bokiti da injin iska mai batir na kai wa Baba, yana da tankin manyan kifaye wanda babu murjani, inda ba su isa su taɓa kowa ba. Kilawun ɗaya ya rage min.

Baba ya yanko min murjani mai laushi daga nasa: mai kama da laimar kwaɗi, da mai kama da fata, da ƙananan furanni da ake kira zowa. Ya gargaɗe ni da in sa safar hannu da tabarau in zan taɓa zowa, kada kuma in taɓa tafasa dutsen da suke kai, domin wasunsu suna da dafi mai haɗari ga mutum. Tunda daga tanki mai kifi suka fito, cutar na iya biyo su, don haka daga ranar da na sa su na fara ƙirga kwana 76 ɗin, farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris, ina soke kowace rana a kalanda. A lokacin ne na bincika ko zan iya shigo da murjani mai tauri daga waje da kaina. Duk murjani mai tauri yana rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1975, don haka sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ya fito, ga kuma binciken hukumar killacewa ta NAQS a kan halittun ruwa masu rai da ake shigowa da su. Na ga wannan aikin 'yan kasuwa ne, ba na mai tanki ɗaya ba, na haƙura. Wanda zai saya a hannun ɗan kasuwa dai ya nemi ganin takardar.

Ƙarshen Maris na mayar da kilawun gida. Ya kama kusurwar hagu kusa da murjani mai kama da fata, bai cika nisa da wurin ba, wanda haka irinsa, Amphiprion ocellaris, yake. Ban yi odar komai a Afrilu da Mayu ba. Ruwan tankin kansa sai da ya taɓa digiri 30, na sa fanka tana busa samansa, na mayar da kunna fitila zuwa yamma, in rana ta ƙwalle in jefa gorar ƙanƙara a rufe. A irin wannan zafi ba zan sa kifi a kwali ya bi hanyar Kano ba.

Watannin nan na yi amfani da su na rubuta takarda, kuma sunayen da na soke sun fi waɗanda na bari yawa. Kifin malam-buɗe-littafi yana da kyau ƙwarai, amma da yawansu murjani ne abincinsu. Manyan anjal suna tsattsagar murjani. Kifin zaki yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, ga dafi a ƙayoyinsa. Mandarin, wanda na fi so a raina, ƙananan ƙwarin da ke rayuwa a jikin duwatsu yake tsinta yini guda, a sabon tanki yunwa ke kashe shi a hankali kana kallo. Na ƙara wani sharaɗi da ya dace da Zariya: kifin da ba ya cin busasshen abinci, sai daskararre, ba nawa ba ne, domin ba zan dogara da firiza ba. Daga ƙarshe shida suka rage, kowa da wurinsa, ɗaya a yashi, ɗaya a tsakiyar ruwa, ɗaya a inuwar duwatsu, biyu a kusurwa, ɗaya a kogo. Matsalar kuɗin jirgi kuma muka warware ta da haɗa kwali mu uku, ni da Baba da wani bawan Allah a Kano wanda shi ke karɓo mana.

Da damina ta sauka a Yuni na kawo fayafish da gobi mai rawaya, Cryptocentrus cinctus, da abokin zamansa jatan lande mai bindiga. Mako huɗu suka yi a killace kafin su shiga babban tanki, jatan landen a nasa mazubin daban. Kafin nan mai tagar alminiyam ya yi min murfi da ragar roba. Kada wanda ya yi amfani da gidan sauro mai magani, maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi da jatan lande. Saboda haka ne ma muka daina fesa maganin sauro da kunna na hayaƙi a falon gaba ɗaya. Gobi da jatan landen nan su ne abin da na fi zama kallo. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami, ya fito da yashi a hannuwansa ya zubar ya koma. Gobi yana tsaye a bakin ramin yana gadi, shi kuwa dogon gashin bakinsa ɗaya kullum yana kan jikin gobin. Da inuwa ta gifta gobi ya kaɗa wutsiya, su biyun su shige kamar walƙiya. Daren farko da ya harba hannunsa muka ji ƙas, uwargida ta tashe ni ta ce gilashi ya tsage.

Tsakiyar Yuli aka kawo kadinal na Bangai da ƙaramin kilawun. Kadinal ɗin daga tsibiran Bangai na Indonesiya asalinsa yake, kuma tun 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa saboda yawan kamu, don haka na dage sai wanda aka ƙyanƙyashe a tanki. Ɗaya na saya, domin maza biyu ba sa shiri. Ya yi kwana biyar yana ƙin busasshen abinci, sai da na yayyanka masa jatan lande daga shagon kifin ƙanƙara ina cakuɗawa har ya saba. Kilawun kuwa yana da wani abin al'ajabi. Babu wanda ake haifa mace. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma ba ya komawa. Nawa ya yi watanni shi kaɗai, Baba ya ce in ɗauka mace ce yanzu, in na kawo mata wata babba za su yi faɗa har ɗaya ta mutu. Na nemi mafi ƙanƙanta a shagon. Bayan killacewa na sa shi cikin robar da na huhhuda, na rataye a kusurwarta kwana uku suna ganin juna. Da na sake shi ta taso masa, sai ya karkata gefe guda yana karkarwa kamar mai jin sanyi. Na zaci mutuwa zai yi, ashe mubaya'a ce. Kafin mako suna kwana wuri ɗaya. Ban saya musu animoni ba, wato halittar teku mai kama da fure da kilawun ke fakewa a cikinta, suna rayuwa lafiya ba tare da ita ba, kuma in ta mutu a daren da babu wuta za ta ɓata ruwan duka.

Irin wannan daren ya zo a ƙarshen Agusta. Kwana uku ana marka, rana ba ta fito ba, batir bai cika ba, ga shi babu wuta. Ƙarfe biyu na dare inbata ta yi ƙara ta mutu. A nan ne na gane inda sanin tarwada ya yaudare ni. Tarwada tana iya tasowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa muke cusa ta da yawa a ƙaramin wuri. Kifin teku ba shi da wannan, ga shi ruwan gishiri mai ɗumi bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba. Na kunna injinan iska biyu masu batir, ina ɗibar ruwa da kofi ina kwararowa daga sama duk bayan 'yan mintoci, uwargida na riƙe min da tocila, har rana ta fito wajen ƙarfe tara. Kifi biyar ne a ciki, babu wanda ya mutu. Da goma ne kamar yadda na so tun farko, ba na jin da duk sun kai safiya.

Giramma shi ne na ƙarshe, a Oktoba, don shi ya fi sauran son kare kogonsa. Wannan karon da sunansa na kimiyya na yi oda, na ce a turo min bidiyon shi wanda za a aiko ɗin yana cin abinci, na tsayar da hoton na nemi baƙin ɗigon nan a fiffikensa kafin in tura kuɗi. Da ya shiga a Nuwamba ya tarar kowa ya kama wurinsa. Ya zaɓi kogon dama, yakan rataya a kife a ƙarƙashin dutse, in fayafish ya matso ya wage masa baki, amma bai taɓa cizonsa ba.

Da zan sake daga farko, ƙaramin tankin killacewa zan fara saya kafin babban, da murfi, da injin iska mai batir. Ukun a haɗe ba su kai kuɗin tang da fayafish ɗin da na binne ba. Ba zan ƙara barin kuɗin kwali ya yanke min yawan kifin da zan kawo ba, biyu a lokaci guda sun isa, da tazarar wata a tsakani. Ba zan yarda da araha da juriyar damsal ba, domin juriyar tasa a kan sauran take ƙarewa. Zan riƙa tambayar girman kifi na gobe, ba na ranar da aka ɗauki bidiyo ba, kuma takardar sunaye zan gama rubutawa, da jerin wanda zai riga wani shiga, kafin in kalli bidiyon kowane mai shago tare da yara. Wata goma sha uku na ɗauka daga ranar da aka kawo gilashi zuwa ranar da kifi na shida ya shiga, kusan rabinsu gyaran kuskuren dare ɗaya ne.

Takardar tana nan manne a bango gefen tankin, kusa da jadawalin canjin ruwa na lita 25 duk Asabar. 'Yata har yanzu tang take so. Rannan muka ɗauko tef muka auna bangon falo, ya kai santimita 210, zai ɗauki tankin da ya dace da shi. Na ce mata sai mun ƙara batir biyu da faranti huɗu na sola tukun, ta ɗauko biro ta rubuta hakan da hannunta a ƙasan takardar.